Ranar da Rigar Hanci Ba Ta Yi Wari Ba

Duk direban da ya taɓa kai mota layin makanikai na bayan tasha ya san Hanci. Wanda bai san shi da ido ba ya san shi da labari. Wasu kuma da tabo suka san shi, don akwai mutum ya fi goma a layin nan da za su iya ɗaga hula ko su naɗe hannun riga su nuna maka inda ya taɓa su.

Ba girman hanci ya ba shi sunan ba. Gajeren mutum ne mai faɗin ƙirji, wuyansa kamar turmi, hancinsa kuwa daidai na kowa. Aikin da yake yi da hancin ne ya jawo sunan. Shi gyaran aksul ya sani, wato wannan dunƙulen ƙarfe mai kama da tulu da ke tsakanin tayoyin baya na mota, wanda haƙoran ƙarfe ke cizon juna a cikinsa suna juya tayoyin. Haƙoran nan ba kowane mai suke sha ba. Nasu daban ne, kuma mai wari ne, warin baragurbin ƙwai da aka haɗa da farar wuta. Abin da ke warin nan shi ne yake hana ƙarfe cin ƙarfe idan kaya ya yi nauyi. Ka zuba musu man inji, ko da mai kauri ne irin na manyan motoci, za su yi shiru kwana biyu kamar an yi musu alheri, sannan su cinye kansu.

To a layin nan mai a ganga yake zuwa, a auna wa mutum a jarka. Jarkar ko da akwai rubutu a jikinta ba abin yarda ba ne, don ta yi aure ya fi sau goma. Launi ɗaya, kauri a yatsa kusan ɗaya. Saura hanci. Shi kuwa Hanci da ma karatunsa bai wuce ya gane lambar sifana ba, sai Allah ya ba shi abin da ya fi karatu. Ya buɗe murfi, ya runtse ido, ya shaƙa sau ɗaya, ya gaya maka ko na aksul ne, ko na inji ne, ko an surka shi da tsohon mai da aka tace da tsumma. Mutumin da ya koya masa aiki ba da baki ya koya masa ba. Ƙeyarsa ya kama ya tsoma fuskarsa cikin tasar mai har ya haɗiyi wani, sannan ya ɗago shi ya ce gobe ma ya manta. Bai manta ba. Sai dai tare da warin ya ɗauko hannun maigidan nasa, ya kuma fi shi nauyin hannu.

Ba a yi masa gardama. Wani direban bas ya taɓa cewa man da ya zaɓa masa ya lalace tunda yana wari, ya fi son mai haske mai ƙamshi. Mazurarin ƙarfe da ke hannunsa Hanci ya sauke masa a goshi, sai da aka yi ɗinki shida. Mai Faci, maƙwabcinsa na rumfar dama, wanda suka shekara ashirin suna cin abinci a kwano ɗaya, ya taɓa gyara masa magana gaban mutane, ya ce kamar wancan notin bai ɗauru ba. Mari ɗaya ya sha, kuma tun daga ranar kunnensa na hagu sai an ɗaga murya. A gida bai taɓa ɗaga wa matarsa hannu ba, wannan kam ko maƙiyinsa ya shaida, amma ƙofar ɗakin sau uku ana sake ta.

Mafi munin abin da ya yi shi ne na wani mai sayar da mai a bakin layi. Mutumin ya auna masa jarka guda ya rantse da abin da zai kashe shi cewa na aksul ne tsantsa. Hanci ya shaƙa, ya ji an surka. Ya ɗauki jarkar ya taka har rumfar, ya juye ta a kan mutumin tun daga hula har takalmi, ya kama kansa ya buga a bakin ganga sau biyu. Haƙora huɗu suka zube a ƙasa cikin mai. Tun daga nan sunan mutumin ya ɓace, kowa Giɓi yake ce masa, har 'ya'yansa a makaranta 'ya'yan Giɓi. Ya tattara gangunansa ya bar layin.

Shekara goma sha ɗaya ba a ji ɗuriyarsa ba. Rannan da tsakar rana Hanci yana kwance rigingine a ƙarƙashin wata mota, ƙafafunsa kaɗai a waje, sai ya ji an kama idon sawunsa an finciko shi. Rana ta kashe masa ido. Kafin ya ga ko wane ne, ƙarfen cire taya ya sauka a tsakiyar fuskarsa. An ce ƙarar ta yi kamar an taka ƙwarya. Duk da haka ya miƙe, jini yana zuba kamar an yanka rago, ya kama hannun da ke riƙe da ƙarfen ya murɗe shi har ya ɓalle a gwiwar hannu, sannan ya faɗi. Ashe Giɓi ne; ya yi ɗaurinsa ya fito ya sake ɓacewa. Hanci ya yi wata guda a asibiti, ya fito da hanci a karkace kamar wanda yake leƙen kunnensa na dama.

Mutane suka ce ai gwarzo ne, ya tashi. Abin da ba su sani ba, hancin ya tashi amma abin da ke cikinsa bai tashi ba.

Matarsa ce ta fara ganewa. Ta shiga maƙwabta barka, ta ce ya kula mata da tukunya. Yana ɗaki ya ba ƙofa baya yana gyaran rediyo, tukunyar ta ƙone ƙurmus, sai da matan gida uku suka biyo ƙauri da gudu da bokitan ruwa. Bayan sun watse ta shigo ta tsaya a kansa.

“Malam, ba ka ji ba?”

Bai ɗago ba. Ya ce idan maganar nan ta fita daga ɗakin nan, ita ta sani.

“To me za ka fasa kuma? Ƙofar sabuwa ce, ka bar ta ta shekara.” Ta zauna a bakin gado. Ta ce ya gaya wa mutane, ciwo ba abin kunya ba ne, hannunsa da kunnensa ai suna nan, ya samu wani ya riƙa shaƙa masa. Ya ce ita ta taɓa ganin an kai wa makaho madubi gyara? Ranar da aka san Hanci ba ya jin wari, ranar kowane ƙaramin mara kunya da ya taɓa mara zai zo ya tsaya a ƙofar rumfarsa yana dariya. Ya gwammace a ɗauke shi a makara.

Sai ya yi dabara. Ya daina sayen mai sai a wurin wani dattijo guda da bai taɓa cutarsa ba, kuma ba ya sayen iri biyu rana ɗaya. Jarkar man aksul tana ƙarƙashin tebur ta dama, ta man inji tana bakin ƙofa ta hagu. Bai yi musu alama ba, don duk layin sun san kirarinsa cewa mai hanci ba ya rubutu a jarka, kuma ranar da aka ga alama za a tambayi dalili. Idan mota ta zo ya ɗauko ta dama, ya buɗe, ya runtse ido, ya shaƙa iska kawai, ya gyaɗa kai. Direbobi su kalli juna su ce kai, mutumin nan baiwa ce. Shekara biyu aka yi a haka, ba a samu ko mota ɗaya da ta dawo da kuka ba.

'Yarsa guda ce, Auta, tana auren wani direba da ake kira Ruwan Sanyi. Dogon mutum ne marar magana, yana da tsohuwar a-kori-kura tasa ta kansa da yake ɗauko dutse da ita daga wurin fasa dutse na kan tudu zuwa masu gini a cikin gari. Shekara shida da auren, bai taɓa haɗa ido da surukinsa ba. Tun daga bakin rumfa yake cire takalmi, cikin ƙasar gareji mai baƙin mai da ƙusoshi, ya durƙusa ya gaishe shi yana kallon ƙasa. Hanci kan ce wa matarsa yaron nan ko akuya ta taka shi sai ya ba ta haƙuri. Amma yana sonsa, irin son da ba ya faɗa.

Aksul ɗin a-kori-kurar ya fara kuka kamar kare a nesa. Hanci ya sauke shi da kansa, ya ga haƙoran sun cinye, ya sa aka nemo sababbi. Kwana biyu ya yi yana daidaita su, yana shafa musu jan fenti yana juyawa yana duba inda suke cizon juna, ya kwance ya sake, har sai da suka zauna yadda yake so. Sababbin haƙora sun fi tsofaffi bukatar mai na gaskiya, don ba su saba da juna ba. Ya ce wa surukin gobe da safe ya zo a zuba mai ya ɗauki motarsa.

Da asuba aka yi ruwa kamar da bakin ƙwarya. Lambatu ya cika ya shigo layin. Mai Faci da ya riga kowa zuwa ya ga ruwa yana shiga rumfar maƙwabcinsa, ya yi abin da maƙwabcin kirki zai yi, ya kwashe kayan ƙasa ya ɗora a kan tebur. Da Hanci ya iso ya tarar da jarkokinsa biyu a jere kamar tagwaye, dukansu rawaya, dukansu baƙin yatsu a wuya, ba ta dama ba ta hagu.

Ya tsaya. Ruwan Sanyi yana durƙushe a gefe. Direbobi huɗu da ruwa ya hana fita suna zaune a benci suna hira. Mai Faci yana bakin ƙofa yana matse ƙafar wandonsa, yana jiran a ce masa sannu da ƙoƙari. Kalma biyar za ta raba gardama, ya ce wacce ka ɗauko daga ina. Ta zo masa har maƙogwaro. Sai ɗaya daga cikin direbobin ya taɓa na kusa da shi ya ce ya kalla da kyau, yau zai ga abin da ake ba shi labari.

Hanci ya buɗe ta farko, ya runtse ido, ya shaƙa. Ba komai. Ya buɗe ta biyu, ya shaƙa. Ba komai, kamar ya sa hanci a ƙofar masallaci. Ya tsoma yatsa a kowacce ya murza, ya ji kamar ta biyun ta fi kama yatsa. Sanyin safiya ne ko zuciyarsa, Allah masani. Ya ture ta farko, ya ɗauki ta biyu, ya shiga ƙarƙashin mota ya ɗura har ya fara dawowa ta bakin ramin, ya ɗaure noti. Rumfar ta yi tsit, amma shi ya ɗauka girmamawa ce. Ruwan Sanyi ya yi godiya, ya sa takalmi, ya ɗan tsaya jim a bakin mota kamar mai neman wani abu a aljihu, sannan ya shiga ya ja.

Kwana uku a-kori-kura tana hawa tudu tana saukowa da dutse, sawu biyar, sawu shida. A rana ta ukun Hanci ya koma gida cin abincin rana, ya tarar da matarsa a tsakar gida gaban baho, ta tara kayan aikinsa na mako. Tana riƙe da shuɗiyar rigar da ya sa ranar ruwa, wadda gabanta ya jiƙe da mai. Ta kai ta hanci, ta sauke, ta sake kaiwa.

“Ba ran nan ka ce ka gama motar mijin Auta ba?”

Ya ce ran nan ne.

“Ka zuba mata mai?”

Ya ce to da ruwan randa zai zuba?

“Malam, shekara talatin da huɗu nake wanke maka riga. Ranar da ka yi aksul sai na raba ta da sauran kaya na jiƙa ta a waje, ko kaji ba sa zuwa kusa. Wannan ba ta wari.”

Lomar da ke hannunsa ta koma kwano. Ya miƙe ko hannu bai wanke ba, ya hau babur.

Gareji ya fara zuwa. Ya fizgo jarkar da ya ture ran nan, ya buɗe, ya cusa ta a fuskar Mai Faci. Mai Faci ya kau da kai yana tofar da yawu, ya ce wannan ai ko gawa ta ji ta tashi. Sai ya ga fuskar Hanci. Can ya ce, a hankali, da ma ran nan duk sun lura. Wadda ya zuba ba ta yi wari ba. Bayan ya shiga ƙarƙashin mota sun kalli juna, wani ya ce ƙila sabon iri ne aka fito da shi.

“Uban me ya hana ku magana?”

Mai Faci ya ja da baya taku ɗaya, ya ɗaga yatsa ya nuna kunnensa na hagu.

Hanci ya ɗaure jarkar a bayan babur, ya soka babbar sifana a ƙugu, ya kama hanyar tudu. Lissafinsa ya tare motar ko a ina take, ya zubar da wancan, ya zuba wannan, ya ce wa surukin sababbin haƙora da ma haka ake musu, a wuce wurin ba wanda ya ji. Har a lokacin sunansa yake tattali.

Hanyar tana da doguwar gangara, a ƙasanta akwai 'yan rumfuna inda masu fasa dutse ke hutawa su sha ruwa. Tun daga nesa ya hango taro da ƙura. A-kori-kurar tana gicciye a hanya, bayanta ya shiga cikin wata rumfa, duwatsu sun watse ko'ina. Layi biyu baƙaƙe na taya sun biyo gangarar suna murɗewa kamar maciji. Bai bukaci a gaya masa ba. Haƙoran sun yi zafi sun narke sun kama juna, tayoyin baya suka daskare a tsakiyar gangara da kaya a kai, motar ta juyo da gindi. Tulun aksul ɗin ya tsage, mai ya malale a kwalta yana hayaƙi.

A gefe wani mai fasa dutse yana kwance yana ihu, ƙafarsa daga gwiwa zuwa ƙasa ta juya inda ƙafa ba ta juyawa. Ba wanda yake kansa sai wata tsohuwa. Sauran, mutum ya kai talatin, suna kan direba. Sun jawo shi ta taga. Wani yana cewa ƙwaya ya sha, wani yana cewa kullum haka suke gudu kamar hanyar ubansu ce. Ana dukansa da itace, da dutse, da ƙotar guduma. Ruwan Sanyi ya dunƙule a ƙasa ya rufe kai, ko ihu ba ya yi. Wani matashi ya gangaro da tsohuwar taya, wani yana zuƙo fetur daga tankin wani babur da tiyo.

Hanci ya saki babur ya faɗi, ya zare sifana ya shiga. Na farko ya same shi a kafaɗa, na biyu a haƙarƙari, na uku ya kauce ya faɗa kan na huɗu. Ya ratsa har tsakiya ya tsaya, ƙafa ɗaya nan ɗaya can a kan surukinsa, yana juya ƙarfen. Taron ya ɗan buɗe. Yayan wanda ya karye, wani ƙato mai fari a gemu da gudumar fasa dutse a hannu, ya ce ashe ma da ɗan'uwa, to a kawo taya ta biyu.

A nan ne Hanci ya ga ƙarshen hannunsa. Zai iya kayar da biyar, ƙila shida. Sauran za su ƙone su biyun, Auta ta wayi gari ba miji ba uba. Kuma mutanen nan ba don mugunta kaɗai suke duka ba, mai laifi suke nema, sun kama wanda ba shi ba. Ya ji hannun surukinsa ya kama idon sawunsa, a hankali, kamar mai roƙon ya tafi.

Ya jefar da sifanar. Ta yi ƙara a kwalta.

“Ku saurara. Ba gudu ya yi ba, ba abin da ya sha. Ku dubi sawun taya, tayoyin baya ne suka kama. Ni na gyara motar nan. Ni na kashe ta.”

Wani daga baya ya ce ai Hanci ne na bayan tasha, ƙarya yake don ya ceci surukinsa, Hanci ba ya kuskuren mai.

Ya cire hularsa, ya sunkuya ya dangwala ta cikin man da ya malale, ya miƙa wa mai farin gemu ya ce ya shaƙa. Mutumin ya shaƙa, ya ce ƙauri kawai. Hanci ya ce a kwanto jarkar da ke bayan baburinsa. Aka kawo, ya buɗe. Na kusa suka toshe hanci.

“Wannan ya kamata in zuba. Wancan na zuba, man inji. Ban iya rabe su ba.” Ya taɓa karkataccen hancinsa. “Shekara biyu ke nan ba na jin warin komai. Ko shi direban bai sani ba. Na ɓoye, na yi ta yi muku wasan shaƙa. Ƙafar ɗan'uwanku a wuyana take. Ku bar yaron mutane.”

Sai wani direban tifa da ke cikin taron, mai tsohon tabo a gira, ya matso ya ce to ashe makaho ne ya fasa masa kai a kan ya ce mai bai yi masa ba. Shi ya fara. Hanci ya ga naushin yana zuwa, jikinsa ya san yadda ake kaucewa da yadda ake ramawa, sai ya mai da hannayensa baya ya kama ɗaya da ɗaya. Haƙorinsa na gaba ya tafi. Itace ya sauka a bayansa, dutse a kunnensa. Ya durƙusa, suka kwantar da shi. Mai farin gemu ya taka wuyan hannunsa na dama a kan kwalta, ya ce wannan ne ya zuba, ya ɗaga guduma ya sauke. Hanci ya ciji ƙasa. Bai rama ba, bai kuma zagi kowa ba, abin da ba a taɓa gani ba tun yana saurayi.

Kafin gudumar ta sake tashi, Ruwan Sanyi ya rarrafo da jini a fuska ya kwanta a kan surukinsa, ya rufe shi da dogon jikinsa. Mutumin da bai taɓa haɗa ido da shi ba, yau ga kumatunsa a kan nasa. Tsohuwar nan da ke riƙe da mai karaya ta miƙe ta daka musu tsawa, ta ce su ci gaba, idan sun gama kashe biyu sai su zo su ɗauki gawa ta uku, don jinin ɗanta ya kusa ƙarewa suna nan suna nuna mazantaka. Mai farin gemu ya waiwaya ya ga ƙaninsa ya daina ihu. Gudumar ta faɗi daga hannunsa. A bayan tifar mai tabo a gira aka kwashe su ukun zuwa asibiti, a kan ragowar yashi.

Ɗaki ɗaya aka ba su, gado uku a jere. Mai fasa dutsen ya rayu, ƙafar ma aka ceto ta, sai dai ta gajarce. Ruwan Sanyi ya karye a haƙarƙari uku, idonsa na hagu kuma bai ƙara gani sosai ba. Hanci aka yanke masa yatsu biyu, sauran ukun suka sandare kamar ƙugiya. A kwana na biyar, bayan Auta ta fita wanke kwanuka, ya juya kai wajen gadon surukinsa.

“Kai ma ka lura ran nan?”

Ruwan Sanyi ya kalli rufin ɗaki. Ya ce ya lura, Baba.

“Motarka ce. Ranka ne a ciki. Me ya hana ka buɗe baki?”

Ya ce ya so ya faɗa, har ya tsaya a bakin mota. To amma gaban mutane, kuma Baba ne. Ya ga gara ya tafi, idan ya samu sarari ya kai ta wani wuri a ɓoye a sake man, sai aiki ya yi yawa.

Hanci ya juya fuska bango. Mai fasa dutsen da ke gado na uku ya ce shi dai duk wannan ladabin nasu a ƙafarsa ya ƙare.

Bayan wata uku rumfar ta sake buɗewa. Wasu sun zo sun tsaya sun yi dariyar da ya ji tsoro, kwana biyu, suka gaji. Motoci sun ragu, sannan suka fara dawowa, don har yanzu ba wanda ya kai shi daidaita haƙora, ko da hannun hagu da ƙugiyar dama. Mai gajerar ƙafa ba ya iya hawa tudu kuma, sai Hanci ya kafa masa tebur a gefen rumfar yana sayar da noti da sauran ƙananan ƙarafa, su yi faɗa da safe su ci abinci tare da rana.

Jarkokin yanzu ɗaya an ɗaura mata jan ƙyalle a wuya. Duk da haka ba a zuba mai sai an kai bakin ƙofa, inda matarsa ke zaune a kujera 'yar tsugune da ɗinkinta a cinya. Ta ajiye allura, ta shaƙa, ta yamutsa fuska ta ce a zuba, ko ta ce a mayar wa mai shi. Direbobi suka mayar mata da sunan, suka fara cewa a kai wa Hanci ta duba. Rannan wani sabon direba ya leƙo ya tambayi Mai Faci ko nan ne rumfar mijin Hanci. Mai Faci ya dafe kunnensa mai lafiya ya ja baya. Tsohon yana ƙarƙashin mota, ƙafafunsa kaɗai a waje. Aka ga yatsun ƙafar sun motsa.

“Nan ne,” in ji shi daga ƙasa. “Miƙo mini sifana sha bakwai.”